Tun ba mu tare ba, kalar fenti ta haɗa ni da maigida

Assalamu alaikum Anti, ya ƙoƙari? Ni malamar firamare ce a Gombe, shekarata 11 da aure, yaranmu huɗu. Shekara 7 ke nan muna gini a wajen Tumfure, yau a sa bulo ɗari, gobe a tsaya wata uku. Da aka zo rufi kuɗi suka yanke wa maigida, na sayar da sarƙata da 'yan kunnena na gwal, na haɗa da kwasar adashi biyu na ba shi, aka sa kwano. Sati 2 ke nan da gama filastar waje. Hayarmu za ta ƙare ƙarshen Afrilu, mai gidan kuma ya ce ba zai sabunta ba.

Rigimar a kan kalar waje ce. Maigida ya gama magana da mai fenti a kan ruwan toka mai duhu sosai da baƙi, irin wanda ake yayi yanzu. Ni ruwan madara nake so. Hajiyarsa, wadda za ta zauna tare da mu a ɓangarenta, ta ce fari da kore kamar gidansu na Dukku, wai ba za ta shiga baƙin gida kamar na makoki ba. Kwanon ruwan hanta ne, tagogi da get baƙaƙe, gidan yamma yake kallo, ɗakina da na yara suna ta gaba. Ranar da mai fenti ya nuna mana hoto a waya, a gaban abokin maigida, na yi dariya na ce wannan ai kurkuku ne. Sai maigida ya ce, "Gidana ne, kalar da na ga dama zan yi." Anti, kalmar nan ta tsaya mini a wuya. Yau kwana 9 daga gaisuwa sai "ga abinci". In haƙura a yi baƙin, ko in tsaya a kan bakana?

Ƙanwarki, daga Gombe

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya sa ku shiga a sa'a. Wanda bai taɓa gini da albashi ba bai san abin da shekara 7 ɗin nan suka ci ba, kuma macen da ta cire gwal daga wuyanta aka rufa ɗaki da shi ba 'yar kallo ba ce a gidan. Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karon farko fenti na gani, a na biyu na ga inda ciwon yake, wato kalmar nan ta "gidana". Zan taɓa duka biyun, amma bari in fara da bangon, don shi zai sama miki lokacin da kike bukata.

Filastar da aka gama sati 2 da suka wuce ba ta isa shan fenti ba, ko wace kala ce. Sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa, ga ruwa a cikinsa da bai gama fita ba. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce a bar shi kamar kwana 28. In aka yi gaggawa ruwan nan zai nemi hanyar fita, ya kumbura fentin ya ɓamɓare shi, ko ya fito da wani farin gishiri-gishiri a fuskar bango, kaifin simintin kuma ya ƙone kalar ta yi dabbare-dabbare. Kin san inda farin nan ya fi tona asiri? A kan kala mai duhu. Ke nan ko maigida ya rantse sai baƙi, akwai sati 2 na dole a gabansa, kuma wannan magana ce da za ki iya gaya masa ba tare da kin taɓa girmansa ba, tunda asarar kuɗinsa kike tare masa. In ana son a tabbatar, a samu leda mai ɗan kauri kamar faɗin tire, a manna ta a bango da salatif ta kowane gefe da yamma, a ɗaga washegari. In ta yi gumi ta ciki, ko wurin ya fi sauran duhu, bango bai bushe ba. A gwada can ƙasa kusa da fandisho, da kuma gefen da rana ba ta cika samu ba.

A kan gangar jikin gidan, musamman gaban nan da ke kallon yamma, gaskiya tana ɓangarenki, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ke kin san bambancin fita da baƙin hijabi da fita da fari da azahar a watan Afrilu. Bango ma haka yake, sai dai shi ba ya cirewa in ya dawo gida. A Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai digiri 40, kuma bangon yamma shi ke shan rana daga azahar har kusan magariba, lokacin da iskar kanta ta riga ta dahu. A rana ɗaya, bambancin zafi tsakanin fuskar bango mai duhu da mai haske yakan wuce digiri 10. Bulo kuwa a hankali yake shan zafi, ya riƙe, sai dare ya yi ya fara amayar da shi cikin ɗaki. Wato bayan isha'i, daidai lokacin da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, yara suna juyi a katifa, lokacin ne baƙin fentin zai fara biyan bashinsa. Ga kuma wani abu: bangon da ke gasuwa da rana ya huce da dare yana ɗan buɗewa yana tsukewa kullum, wannan na taimaka wa ƙananan tsagar nan masu kama da gashi su bayyana a filasta. Amma in yi adalci, a gidan ƙasa wanda ba bene ba mafi yawan zafi ta kwano yake sauka. In silin ɗinku ba mai kyau ba ne, ko ba a bar kafar da iska za ta riƙa ratsa ƙarƙashin kwanon ba, ruwan madara ba zai mayar miki da ɗaki firji ba.

Masu son duhu sukan ce ba ya nuna datti. A garin da dattinsa baƙi ne wataƙila haka ne. Namu dattin fari-fari ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauke mana ƙura kamar garin alkama, kuma duk wanda ya taɓa ajiye baƙar mota a watan Janairu ya san kafin ya dawo daga masallaci yara sun rubuta sunansu a jikinta. Haka bango mai duhu yake yi. Ƙura ta kwanta, ruwan farko ya zo ya zana layuka daga ƙasan kowace taga, bayan shekara biyu ko uku kuma rana ta sa fuskar fentin ta yi furfura, abin da aka saya a matsayin baƙi ya koma kalar tsohuwar tukunya. Duk fenti yana koɗewa, sai dai mai duhu ya fi nuna koɗewar.

Kada ki yi murmushi tukuna, don naki ruwan madarar ma yana da laifinsa. In ya yi haske da yawa har ya kusa fari, damina ce maganinsa. A watan Agusta ruwan da ke zubowa daga kwano yana dukan ƙasa ya fantsama taɓo a ƙasan bango har gwiwa, inda laima ta zauna kuma gansakuka ta fito. Ga yara huɗu da hannuwansu da ƙwallonsu. Ga ƙyalli: farin bango da tsakar rana yana kashe ido, mai zama a tsakar gida sai ya riƙa runtsawa. Wannan ya shafi farin Hajiya ma. Gidansu na Dukku da take tunawa, ina zaton farar ƙasa ake sake shafa masa duk shekara in Sallah ta matso, shi ya sa kullum yake fes a idonta. Bokitin fenti mai lita 20 a farashin yau ba abin da za a riƙa maimaitawa duk Sallah ba ne.

Dabarar da na fi yarda da ita ba ta cin ko sisi. Ki je filin, ki ɗebi busasshiyar ƙasar ƙofar gidan cikin tafin hannu, ki zuba ta a kan katin kalolin mai fenti. Kalar da ƙasar nan ta ɓace a kanta, ko wadda ta fi ta haske da mataki ɗaya ko biyu, ita ce za ta fi jure zama a unguwar, domin ƙurar da za ta hau ta 'yar'uwarta ce. Yawanci za ki tarar kin faɗa tsakanin ruwan yashi, ruwan madara mai ɗan kauri kamar an ɗiga masa shayi, da ruwan ƙasa mai haske. Akwai kuma dalilin da ya sa irin waɗannan suka fi daɗewa. Sinadarin da ke ba su launi tsatsar ƙarfe ce, ita ce dai ke sa jar ƙasa ta yi ja, ita ce kuma hodar nan da magina ke zubawa a siminti su yi jan daɓe. Rana ba ta cin ta da sauƙi, kaifin siminti ma bai dame ta ba. Kaloli masu ihu kuwa, irin su ja zur, ruwan goro, ruwan hoda, shunayya da kore shar, da yawansu rininsu ba ya jure hasken rana, su ne kike gani sun yi fatau cikin ɗan lokaci. Kakanninmu ba su san sunan sinadari ba amma sun san aikin. Yaɓensu na waje da makuba ake yi, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, duk kalarsu ta ƙasa ce. In hanya ta taɓa bi da ku ta Kafin Madaki a jihar Bauchi, ku tsaya ku ga Gidan Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ginin ƙasa ne, kuma ba wanda zai kalle shi ya ce bai da kwarjini.

Wasu kamfanonin fenti suna sa wata lamba daga 0 zuwa 100 a jikin kowace kala, mai nuna yawan hasken da take mayarwa. Baƙi yana can ƙasa kusa da sifili, fari yana sama da 80. In katin da aka kawo muku yana da ita, ku nemi jikin gida tsakanin 55 da 70.

Sai dai kada ki yarda da kati shi kaɗai, ni ya taɓa kunyata ni. Lokacin da muka yi namu a Bauchi na zaɓi wani ruwan goro a kati, ɗan mitsitsi kamar ashana, a cikin shago ƙarƙashin fitila ya yi mini kyau kamar atamfar biki. Da ya hau bango ya sha rana sai ya zama wani abu dabam. Ba a yi wata ba 'yan acaɓa suka fara kwatance da mu, "in ka wuce gidan lemo ka sha kwana". Bayan damina biyu bangon yamma ya koɗe ya koma kalar kunun gyaɗa, na arewa yana nan da ihunsa, gida ɗaya kamar na mutum biyu. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kala a fili, a kan faffaɗan bango, tana fin yadda take a kati haske da ƙarfi. In kuma fentin mai yashi-yashi ne, wanda masu fenti ke kira teskot, kaushinsa yana yin 'yan ƙananan inuwoyi da ke ƙara wa kalar duhu, yana kuma riƙe ƙura fiye da mai santsi, ko da yake yana rufa asirin filastar da ba ta miƙe ba. In shi za ku yi, a nemi mai laushin yashi.

Saboda haka ga abin da nake so ki roƙi maigida, kuma shi kaɗai za ki roƙa a yanzu: kafin a sayi bokiti goma, a sayi ƙananan gwangwanaye uku, nasa tokar, naki madarar, da ɗaya a tsakani. In filasta ta cika kwanakinta, a shafa kowanne kamar mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, shafi biyu, a bangon yamma da kuma na gabas, a bar tazara tsakaninsu. A ba su kwana uku ko huɗu su bushe su sha ƙura. Ku je ku biyu, ba mai fenti ba aboki, sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya bayan la'asar. Ku tsallaka titi ku kalla daga nesa tare da kwanon. Sannan da misalin ƙarfe 4 ki ce masa, "Abban yara, ɗora hannunka a nan, ka ɗora a nan." Daga nan ki yi shiru. Gani ya kori ji, kuma namiji ya fi saurin sauka daga ra'ayinsa in tafin hannunsa ne ya gaya masa, fiye da in matarsa ce ta faɗa a gaban mutane.

Ba na so kuma ki shiga gwajin nan da niyyar kayar da shi, domin abin da yake so yana da wurin zama a gidan. Abin da ke burge mutane a gidajen yayin nan yawanci ba duhun ba ne, tsabtar layukan ne da yadda haske da duhu suke fito da juna. Ana samun wannan ba tare da an gasa ɗakin yara ba. Jikin gida ya ɗauki mai hasken, shi ne kaso mafi yawa. Tokarsa mai duhu ta ɗauki ginshiƙan baranda, kewayen tagogi, layin da ke ƙarƙashin kwano, ginshiƙan katanga, da ɗamarar ƙasan bango daga fandisho zuwa kamar ƙafa 2 ko 3, inda taɓon damina ke fantsama. Baƙi kuwa ya riga ya samu rabonsa a get da tagogi, ya isa haka. In yana son wuri ɗaya da zai yi duhu sosai don ado, a ba shi bangon cikin baranda, inda inuwa take. Ku lura da kwanon kuma, tunda shi ba zai canzu ba. Ruwan hanta kala ce mai ɗumi, tokar da ta karkata wajen shuɗi ba ta zama da ita lafiya. A nemi tokar da ta karkata wajen ruwan ƙasa. Kala uku sun ishi gida, ta huɗu sai ta mayar da shi kamar shagon sayar da fenti.

Ɗamarar ƙasan nan, mutane da yawa suna yi mata fentin mai don a riƙa wankewa. A waje ban cika son sa ba, domin yana toshe bango, laimar da ke tasowa daga ƙasa ta rasa mafita ta ɓamɓare shi falle-falle. Fentin ruwa na waje mai kyau ya fi, ko dutse in da hali. A zuba kankare ko tsakuwa a kewaye gindin bangon, fantsamar za ta ragu sosai. Bangon gabas ma a kula da shi, don hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ruwa ya fi duka, in akwai ragowar fenti shi ya cancanci shafi na uku.

Mai fentin ba maƙiyinki ba ne, yayi yake sayarwa, kuma hoton da ke wayarsa na ranar da aka gama aiki ne. Ki sa maigida ya ce masa ya kai shi gidan da ya yi wa irin wannan kalar shekara 3 da suka wuce, su tsaya a gaban bangon yamma su gani. Mai aikin kirki ba zai ƙi ba. In an zo aikin, a tabbatar fentin na waje ne, a fara da shafin farko mai tare kaifin siminti, kada a tsinka fenti da ruwa fiye da abin da aka rubuta a bokiti don a ce ya yi auki, araha ba ta ado. A juye bokitan kala ɗaya cikin duro a gauraya su kafin a fara, saboda ko lambarsu ɗaya akan samu ɗan bambanci tsakanin bokiti da bokiti. A bi inuwa, yamma da safe, gabas da yamma, kada a shafa a kan bangon da ya yi zafi ko ranar da iska ke tashi da ƙura. Ki rubuta sunan kalar da lambarta a littafinki, ki kuma ɓoye galan ɗaya a sito.

Yanzu mu koma ɗaki. Abin da maigida ya faɗa bai dace ba, kuma ina ganin shi ma ya sani, shi ya sa kwana 9 bai iya haɗa ido da ke ba. Amma dubi abin da ya gabaci maganar. Mutum ya yi shekara 7 yana wucewa ta gaban gidajen sa'o'insa, yana haɗiye gorin mai gidan haya, yana zana gidan nan a ransa. Ranar da ya fito da zanen a fili, a gaban abokinsa da ma'aikacinsa, aka yi dariya aka ce kurkuku. Kin soke shi a inda ba riga, shi kuma ya rama da abin da ya fi kusa da hannunsa. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna miki ƙofar shiga. Ki ba da haƙurin dariyar, ita kaɗai, ba tare da kin jingina mata "amma kai ma" ba. Bayan ya ci abinci, yara sun kwanta, ki ce, "Ranar nan na yi kuskure da na yi maka dariya a gaban baƙo, ka yi haƙuri. Na san wahalar da ka sha a ginin nan." Ki tsaya nan. Maganar gwajin fenti ta biyo baya, ko a daren ko washegari. Maganar "gidana" kuwa ki ajiye ta zuwa ranar da fuska ta sake, sannan ki gaya masa a fili cewa ta yi miki zafi, ba tare da kin lissafa masa giram nawa sarƙar take ba. Gori yana ɓata alheri, kuma naki alherin ya fi ƙarfin ki ɓata shi da bakinki.

Sai dai akwai abin da ba zan bari ya wuce ba, don na ga matan da ya ci. Kuɗin nan da kika bayar, mene ne sunansu? Kyauta ce, bashi ne, ko kaso ne a gidan? Dukiyar mace tata ce a Musulunci, aure bai mayar da ita ta miji ba, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In kin bayar ne don Allah har zuciyarki, to ki bar shi a haka, kada ki sake tayar da shi ko a faɗa. In kuwa a ranki bashi ne ko kaso, to ku zauna ku ba shi suna, a rubuta, mutum biyu su sa hannu. Ba zargin maigida ake yi ba. Rai a hannun Allah yake, kuma ranar rabon gado takarda ce ke magana, ba wanda zai tuna wuyan wa aka tuɓe aka sayi kwano. Ina zaton rabin zafin da kike ji a kan fentin nan daga rashin sunan kuɗin yake fitowa. Kada dai ki haɗa zancen biyu a zama ɗaya, in kin haɗa zai ji kamar kina sayen kala da gwal ɗinki. Bayan kun tare, hankali ya kwanta, sai ki ɗauko shi. In kin ga bakinki ba zai iya ba, wanki ko wani kawunsa da yake jin nauyi ya zauna da ku.

Hajiya kuma, ki yi hattara. Yanzu ra'ayinku ya zo ɗaya a kan ƙin baƙi, za ki ji kamar ki jawo ta ku taru a kansa. Kada ki fara. Zai iya sauka saboda uwarsa, amma ke zai riƙe a ransa, kuma gobe in ra'ayinku ya saɓa da ita, hanyar da kika buɗe za a biyo a zo kanki. Abin da take nema a gane shi: tsohuwa ce za ta bar inda ta saba ta shiga gidan da ba ta san ƙamshinsa ba, tana son ta ga wani abu nata. Kore a gaban gida ƙarƙashin kwano ruwan hanta ba zai yi kyau ba, wannan ɗanta ne zai lallaɓa ya gaya mata, ba ke ba. Amma ƙofar ɓangarenta, da bangon 'yar barandarta ta cikin gida inda za ta riƙa shimfiɗa darduma, me zai hana a yi mata fari da kore a nan? A zaɓi kore mai nutsuwa irin na ganyen maina, wato darbejiya, ya fi mai ƙyalli daɗewa. Ke ki kai mata katin da hannunki ki ce, "Hajiya, wanne ya fi kama da na Dukku?" Za ki sha labari, ki zauna ki saurara. Tunda ma an ambaci maina, ku dasa biyu ta yamma a farkon damina, nesa kaɗan da fandisho da katanga saboda saiwa. Nan da 'yan shekaru inuwarsu za ta yi wa ɗakin yaran abin da fenti ba zai iya ba.

Kada wa'adin Afrilu ya sa ku yanke hukunci a tsaye. Ba dole sai an yi fentin waje za a tare ba. Gidaje nawa ne a Tumfure da mutane ke ciki shekara da shekaru da filasta kawai? A gama ciki, a sa ruwa da wuta, ku shiga. In kuɗi ko zukata ba su daidaita ba kafin ruwa ya sauka a watan Mayu, a bar waje sai Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙura ta yi ƙarfi. Akwai ma riba a jiran: damina ɗaya za ta nuna muku inda bango ke tsagewa da inda laima ke zama, a gyara kafin a rufe da fenti, ku kuma kun kwana a ɗakunan kun san wanne ne ke zafi.

In kuma an yi gwajin, ya ɗora hannu, ya ji, ya ce duk da haka shi duhun yake so, to ki rage bukatarki zuwa abu ɗaya: bangon ɗakunan kwana na yamma ya zama mai haske saboda yara, sauran ya yi yadda ya so, katanga da get da duk abin da mai wucewa ke gani. In wannan ma ya ƙi, ki bar shi ya yi. Fenti ba aure ba ne, nan da 'yan shekaru dole a sake, kuma wanda ya kwana a ɗakin cikin Afrilu biyu ba sai an yi masa wa'azi ba a zagaye na gaba. Ranar kuwa kada in ji kin ce "ai na faɗa". Maganar rubuta kuɗinki ce kaɗai ban yarda ki saki ba, ko da gidan ya fito da kalar da kike so.

Ki gaishe mini da Hajiya da yaran. In kun je gwajin la'asar ɗin, ki rubuto ki gaya mini a kan wanne ya fara janye hannunsa.